Akwatin Wutar Jikata

Sau uku wutar lantarki tana kama ni, sau uku tana sakina don kanta, da ta gane ba tsaranta ba ne. Na faɗo daga kan falwaya ina ɗan shekara ashirin da biyu, na miƙe na kakkaɓe wandona na koma sama na ƙarasa aikin. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma duk unguwarmu babu gidan da ba hannun nan ne ya ja masa waya ba, hannun da yatsu uku suka rage masa. Sauran biyun Mai Gilashi ne ya ci su.

Ina gyaran wuta a masaƙa aka kawo mana shi, sabon injiniya, tawadar takardarsa ko bushewa ba ta yi ba. Akwai wani babban inji da ke yawan ƙona fis, ya ce in sa masa mai kauri. Na ce ranka ya daɗe, ciwon a cikin injin yake, fis ɗin gaskiya yake faɗa. Ya tura gilashinsa sama da biro, ya tambaye ni wa ya yi makaranta tsakanina da shi. Na sa. Kafin a tashi aiki inji ya kama da wuta, ni na fizge wayar da hannuna don kada ta cinye masu saƙa goma sha ɗaya. Ina kwance a asibiti ya zo da takarda, ya ce ta magani ce, in dangwala. Na dangwala da hagu. Ashe an rubuta a ciki cewa ni jahili ne mai ƙulla waya kamar igiyar akuya, ni na jawo gobarar. Aka kore ni. Shekara talatin da huɗu ke nan.

Maganar ƙulli gaskiya ce, kuma har gobe ina alfahari da ita. Tunda ba na karatu, kuma kalar waya ba abin amincewa ba ce, sai na yi wa kaina ƙa'ida: ƙulli ɗaya wuta ce, ƙulli biyu mai sanyi ce, ƙulli uku ta ƙasa ce. Ko ido a rufe na laluba na san wadda za ta kashe ni.

Jikata, 'yar babbar 'yata, a hannuna ta tashi. Ina ce mata Amarya tun tana rarrafe, ita kuma tana ce mini Tsohon Ango. Ta shiga jami'a tana karatun injiniyan lantarki, ta kai shekarar ƙarshe, ta zo ta same ni a gindin barandata da takardu.

"Tsohon Ango, akwati zan haɗa wanda zai riƙa raba wutar gida da kansa. In batir ya yi ƙasa, ko kaya sun yi masa nauyi, sai ya kashe abin da bai da muhimmanci ya bar mai muhimmanci."

"Ai ni ne akwatin nan shekara arba'in," na ce. "Kakarki ta kunna dutsen guga, ni in bi in kashe fanka."

"Shi ya sa zan yi maka ritaya. Kai ka cika mita, akwatina ba ya magana."

Wata biyar muka yi a kansa. Ita ta san lissafi da kwamfuta da wani ɗan allo kore da take ce wa ƙwaƙwalwa. Ni na san inda waya ke zafi. Ta ƙona allo biyu, ta yi kuka a na biyun, na ce mata ni na ƙona gidan mai unguwa rabi kafin in iya. Wayar ciki kuwa baƙa ce gaba ɗaya, daga wani tsohon nadi da na ajiye, don ta yanzu roba ce da ɗan gashin jan ƙarfe. Na ƙulla mata su yadda na saba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ta haddace.

Layi huɗu ne a akwatin, kowanne da soket ɗinsa. In kaya sun yi nauyi, na huɗu ake fara yankewa, sai na uku, haka har sama. Layi na ɗaya firji, saboda allurar sukarin kakarta. Na uku fitilu da fanka. Na huɗu guga da talabijin. A na biyu muka yi rigima. Ta ce injin ruwa, na ce butar shayina.

"Babu littafin da ya sa butar shayi a gaban fitila," in ji ta.

"Littafin ne ya ja miki wayar?"

Aka sa butar da injin ruwan tare a layi na biyu. Akwatin ya yi wata guda a bangon ɗakina yana ƙas-ƙas, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Ranar da ta kai shi makaranta ta dawo ba walwala. Ta ce malamin da ke duba aikinta ya yaba ƙwarai, har ya ce a ranar baje koli, gaban baƙi da malamar da za ta zo daga wata jami'a ta ba da maki, wannan za a sa a tsakiyar zaure. Sai dai ya ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya haɗa ta da ɗan ƙanwarsa, wani dogo da bai taɓa riƙe filaya ba, ya sa shi shugaban aikin, shi zai yi bayani. Sunan malam a sama, na Dogo a tsakiya, nata a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wai mataimakiya.

Na ce ta nuna mini hoton malamin a waya. Ya yi tumbi, gashi ya zube, amma ga biron a hannu yana shirin tura gilashi.

Na ajiye wayar a hankali. Yatsuna biyun da babu suka fara ƙaiƙayi.

Na ba ta labarin da ban taɓa ba ta dalla-dalla ba. Ta dafa gwiwata.

"Kaka," ta ce, kuma ba ta kirana haka sai magana ta yi nauyi, "rabin makina a hannunsa yake. Saura kaɗan in fita da daraja ta ɗaya. Ka bar shi ya ɗauki sunan, ni in ɗauki takardata. Kada ka zo ranar nan."

Na ce to. Na sha cewa to a rayuwata.

Ranar na sa farar rigata, na ɗauki sandar da ba na buƙata don in ƙara tsufa, na shiga zauren da hantsi a bayan wasu iyaye. Ga teburori jere, kowane ɗalibi da abinsa. A tsakiya ga akwatinmu, an shafa masa fenti shuɗi, an liƙa masa takarda. Kusa da shi an jera ƙaramin firji, fanka, ƙwan fitila huɗu, injin ruwa a cikin bokiti, da butata, wadda Amarya ta ara ta ce za ta dawo da ita. Ita tana can gefe a tsaye, riƙe da jakar Dogo. Da ta hango ni ta runtse ido.

Mai Gilashi ya hau mumbari da lasifika. Ya yi maganar shekarun da ya kwashe yana tunanin wannan fasaha. Ya ce don baƙi su ga ƙarfinta, an cire zauren daga wutar gari, kuma lasifikar da yake magana da ita da majigin da ke haska bango duk daga akwatin suke sha.

Na bi wayar lasifikar da ido, daga ƙafarsa har tebur. Dogo ya cusa ta tare da ta majigin a soket ɗin ƙarshe, don shi ne babu komai a ciki, tunda ba su kawo dutsen guga ba. Layi na huɗu. Shi kuwa malam bai taɓa buɗe akwatin ba, bai kuma tambayi mai shi yadda aka jera layukan ba, don a wurinsa mataimakiya ba a tambayarta.

Na matsa da sandata kamar tsohon da ya ɓata hanya. Na ɗaga murfin butar, da ruwa a ciki. Na ce da Dogo, "Ɗan nan, wannan tana tafasa kuwa?" Kafin ya buɗe baki na danna.

Akwatin ya yi ɗan jim, yadda ya saba, sannan ya ce ƙas.

Mai Gilashi yana tsakiyar cewa na'urar ta san abin da ke da amfani ta watsar da wanda ba shi da shi, sai muryarsa ta ɗauke. Bango ya yi fari fat. Bakinsa ya ci gaba da motsi shi kaɗai. Wani a baya ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Butata kuwa ta fara waƙa.

Dogo ya rikice, ya shiga danne-danne, ya kunna injin ruwan da ke cikin bokiti. Akwatin ya sake cewa ƙas, fitilu da fanka suka tafi. Saura firji da injin da shayina.

Malam ya sauko da sauri, gumi a wuyansa, ya ce ƙaramar matsala ce. Ya karɓi sukudireba ya kwance murfin. Na matsa kusa don in ga fuskarsa, don wannan na zo. Wayoyi baƙaƙe sun fi ashirin, kowacce da ƙullinta. Ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago yana duba mutane ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina. Na ɗaga masa hannun dama na gaishe shi da yatsu uku.

"Ranka ya daɗe, gyara mana. Kai ka yi makaranta."

Baƙi sun kewaye shi, baƙuwar malamar tana tsaye da takardar maki a ƙirji. Dole ya yi wani abu. Ya miƙa hannu cikin akwatin, kuma na ga inda yatsunsa suka nufa: mai ƙulli ɗaya, daidai inda kanta yake tsirara a bakin sukuru. Ba zan yi ƙarya ba don in yi kyau. Bakina a rufe yake, kuma da niyya na rufe shi. Na san ba za ta kashe shi ba, amma za ta jefa shi kan bokiti, kuma ina so in gani.

"Malam, kada ka taɓa mai ƙulli ɗaya, wuta ce."

Amarya ce. Ta ajiye jakar Dogo a ƙasa, ta zo ta janye hannunsa. Na ji haushinta har cikin haƙorina.

Baƙuwar ta dube ta. "Ke kin san cikin akwatin nan?"

"Na sani."

"To me ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace. Aikinsa ya yi." Ta kashe injin ruwa, fitilu suka dawo. Ta kashe buta, lasifika ta yi ƙara, majigi ya haska sunayen nan uku a bango. Ta fito da wayarta ta nuna yadda ake sauya jerin layukan, da yawan wutar da kowanne ke sha, da dalilin da ya sa akwatin ke jira daƙiƙa biyar kafin ya yanke. Baƙuwar ta yi mata tambaya ta fi goma. Ta juya ta yi wa Dogo guda ɗaya, ta ce ya nuna mata inda batir ke shiga. Ya nuna wayar fanka.

"Wa ya sa butar shayi a gaban fitila?" in ji baƙuwar.

"Ni," na ce. "Gidana ne."

Ta yi murmushi, ta zaro biro ta ja layi a kan wani abu a takardarta, ta yi rubutu a sama.

A bakin ƙofa Mai Gilashi ya tare ni, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ashe ina raye. Na ce wuta ma ta gwada ta bari, balle takarda. Ya ce in tuna yarinyar nan ɗalibarsa ce har yanzu. Na ce na tuna, shi ma ya tuna mutum ɗari biyu sun ga hannunsa a kan wayar da ɗalibar ta hana shi taɓawa.

Sakamako ya fito bayan sati uku. An cire sunan Dogo, an mayar da nata sama, ita kaɗai. Baƙuwar ta ba ta makin da ba ta ba kowa ba. Shi kuma ya ba ta mafi ƙanƙantar abin da zai iya bayarwa ba tare da an kira shi ofis ba, wai wayoyin ciki ba su bi ƙa'ida ba. Da aka haɗa, daraja ta ɗaya ta kuɓuce mata da maki biyu.

Ta koma gidan uwarta, kwana tara ba ta taka gidana ba. A na goma ta zo ta tsaya a bakin baranda, ba ta zauna ba.

"Ka san zai yi haka."

"Na sani."

"Shekara biyar ina bin darajar nan, Kaka."

"Da kin samu, da sunan Dogo a kan akwatinki."

"Don ni ka danna butar, ko don yatsunka?"

Na ce duka biyun, kuma in aka mayar da ni zauren yanzu zan sake dannawa. Ta ce ni mugun tsoho ne, na ce ban musa ba. Sannan ta wuce ciki gaida kakarta.

Uwarta ta aiko cewa kada in je ranar ba da takardu, na isa haka. Na riga na bincika: shi ne zai tsaya a mumbari ya kira sunayen ɗaliban sashensu ɗaya bayan ɗaya, da taken aikin kowa. Na kai farar rigata wanki. Zan je tun ba a buɗe ƙofa ba in kama kujerar gaba, saitin lasifika, in ɗora hannun dama a kan sandata inda zai gan shi, in ji yadda zai furta sunan jikata da bakinsa.