Tsoka Zalla ko Mai Kitse

Milton Pomerantz bai so ƙaurar nan ba, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Gwiwoyin matarsa Thelma ne suka gaji da hawa bene a Bronx, 'yarsu Rhoda kuma ta samo musu gidan ƙasa a Queens, kusa da ita. Ranar da suka tare ba a haɗa musu gas ba tukuna, tukwane duk suna cikin kwalaye. Da yunwa ta fara taso musu, Rhoda ta ce akwai deli, wato shagon nama da burodi, a kan kwana, duk unguwa ana yabon Reuben ɗinsu.

Milton ya ja dogon tsaki. A gabansa ake zancen Reuben? Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan kantar deli yana yanka nama, har ranar da aka rufe shagon aka mai da shi kantin magani? A wurinsa Reuben abu ne mai doka: naman ƙirjin saniya da ya sha gishiri aka turara shi, kabeji mai tsami da aka matse tas, cuku, miyar Rasha, a danne tsakanin yankan baƙin burodi a gasa har cukun ya narke. Abin da ya fi taƙama da shi kuwa, shi ba ya tambayar mutum sau biyu. Mutum na turo ƙofa Milton ya san abin da zai ci, ya san ko mai son tsoka zalla ne ko mai son ɓangaren kitse. Thelma ma a kan kantar nan ya same ta. Tana budurwa ta shigo, ya miƙa mata yankan ɗanɗano kamar yadda ake yi wa kowa, ya tambaye ta wanne take so, ta sunkuyar da kai ta ce tsoka zalla. Tun daga ranar har suka yi jikoki, ba ta taɓa cin Reuben ɗin wani ba sai na hannunsa.

Da Thelma ta tashi zuwa shagon ya dai bi ta, don a cewarsa yana so ya ga irin ta'asar da ake yi wa nama a Queens.

Shagon cike yake maƙil. Mai yankan wani dattijo ne ɗan Dominika, Osvaldo, mai furfurar gashin baki da farar rigar aiki fes, ga fara'a kamar gonar auduga. Milton ya tsane shi tun kafin ya buɗe baki.

"Reuben biyu," in ji Milton. "Na uwargida tsoka zalla. A matse kabejin, ba miya muka zo sha ba."

"An gama, maigida," in ji Osvaldo. Sai ya juya wajen Thelma. "'Yammata, sabbin zuwa ne? Ban taɓa ganin fuskar nan ba, da na tuna."

Thelma, mace mai jikoki har a jami'a, ta rufe baki tana dariya. Ta ce wa Milton ya je ya tare musu teburin jikin taga kafin a riga su. Ya tafi ba don ransa ya so ba. Daga can yana hango Osvaldo ya ɗora yanka a 'yar takarda ya miƙa mata ta saman kantar, ta ci, ya sake miƙa mata wani, ta ci, suka yi 'yar magana. Al'ada ce, Milton ya fi kowa sani, shi ma ya yi wa mata dubu haka. Amma ai da irin yankan nan ya yi zance da ita.

Abincin ya iso da kokwamba mai tsami a gefe. Milton ya ɗaga burodin nasa yana binciken laifi, ya ce an ƙona gefe, ya ce cukun ya yi yawa. Ya gutsira. Gaskiya ba laifi, amma da ya faɗi haka gara a yanke masa harshe. Ya ɗago don Thelma ta taya shi kushewa, sai ya tarar ta lumshe ido tana tauna a hankali, maiƙo na gangarowa ta wuyan hannunta. Ba ta bar ko ɓurɓushi ba. A iya zamansu bai taɓa ganin ta cinye Reuben ba, kullum rabi take ci ta ce a naɗe mata sauran.

"Yunwa ce," in ji ta, da ta ga irin kallon da yake mata.

Aka haɗa gas, aka fito da tukwane, amma zancen bai mutu ba. Duk Alhamis Thelma takan shafa jan-baki ta fita da wata maƙwabciya, ta dawo rigarta na ƙamshin nama. Sunan mutumin kuma ya tare a gidan. Osvaldo ya ce za a yi dusar ƙanƙara. Osvaldo ya san mai gyaran famfo. Jikar Osvaldo ta yi haƙori. Milton dai kishi yake, kishi na gaske, irin wanda bai yi ba ko yana saurayi. Ba wai yana zargin matarsa da wani abu ba ne, ina, a wannan shekarun? Abu ɗaya ne ya san ya fi kowa iya yi mata a duniya, ga wani ƙato da gashin baki ya zo ya karɓe da rana tsaka. Da ya kai ƙara wurin Rhoda a waya, dariya ta yi har da tari, ta ce, "Baba, kishi kake yi da burodi?"

Ya yanke shawarar sirri ne a miyar. Ko dai ana zuba sukari, ko wata dabara ta marasa kunya. Wata Litinin ya ce zai je aski, ya zarce deli shi kaɗai, ya tsaya a layi yana harare-harare.

"A'a, mijin 'yammata! Yau an sake ka kai kaɗai?"

"Irin na matata za ka yi mini," in ji Milton. "Yadda kake yi mata daidai."

Osvaldo ya caki ƙirjin naman ya fito da shi daga tururi, ya juya shi, ya sa wuƙa a ɓangaren mai kauri, inda kitse ke rawa. Milton ya buga kantar da tafin hannu, ya ce ai ya faɗa masa tun ranar farko, tsoka zalla take ci.

"Ka faɗa, maigida, na ji ka. Amma ni mai ci nake tambaya. Na ba ta wannan, na ba ta wancan, ta nuna mai kitse. Har ta ce in ƙara da na bakin-bakin nan."

Ba izgili a muryarsa, abin da ya fi ƙona wa Milton rai ke nan. Ya karɓi ƙunshin, bai ko buɗe ba, ya kamo hanyar gida yana tafe yana magana shi kaɗai.

Ya tarar da Thelma a kicin tana jera faranti. Ya ajiye ƙunshin a gabanta, maiƙo ya riga ya huda takardar. Ta dubi ƙunshin, ta dubi kansa da ba a aske ba, ta jawo kujera ta zauna.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun ina gidanmu."

"To me ya sa kika ce mini tsoka zalla?"

"Milton, budurwa ce ni, ga saurayi ya zuba mini ido. Sai in buɗe baki in ce a ba ni kitse?"

"Daga baya fa? Bakinki ciwo yake?"

Ta ce daga baya ai bai sake tambaya ba. Tana shigowa yake ɗaga murya ya ce wa duk shagon, wannan na san nata, ya hau yanka. Yadda yake washe baki idan ya faɗi haka, ta ce, ba ta da zuciyar da za ta ƙaryata shi a gaban mutane. Da aka kwana biyu kuma sai abin ya zama kunya, ta ina za ta fara?

"Ina zaune a teburin baya," in ji ta, "ina kallo kana ɓoye wa matar Lefkowitz mai kitsen a ƙarƙashin kantar. Har kana ce mata, naki na musamman ne. Ka san sau nawa na so in shaƙe matar nan?"

Milton ya yi ƙoƙarin tuno ta. Matar Lefkowitz ta daɗe da mutuwa, da ƙyar ma ya tuno fuskarta. Amma ya tuna abin da take ci.

Can ya ce gobe da sassafe zai sayo ƙirji guda, shi zai jiƙa, shi zai turara, ya yanka mata ɓangaren kitsen kaf ta ci har ta ture. Thelma ta dafa bayan hannunsa. Ta ce likita ya hana ta tun bara, saboda zuciya. Sau ɗaya a mako ya yarje mata, shi ma da ƙyar, shi ne take kashewa ranar Alhamis.

Ya shiga tunanin shekarun da take da lafiyar ci, da duk naman da ya bi ta hannunsa ya tafi bakin wasu.

"To ki ba ni Alhamis ɗin nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta gyara bakin takardar da yatsa.

"Na ba ka," in ji ta. "Amma ka tambaye ni tukuna."