Larabar Gidanmu

Rigar nan ruwan ɗorawa ta masu tsallakar da yara, a jikin bakaniken unguwarmu na gan ta, aljihun duk baƙin mai. Ya ɗaga hannu, motoci sun tsaya, 'yan makaranta na bin sa kamar 'yan tsaki. Jikata ce riƙe da gefen rigar.

Daga asibiti nake, ban saba biyowa nan da rana ba. Amma Laraba ce, kuma ko ban yi boko ba na san Laraba ta gidanmu ce.

Tun da mota ta taka ɗan tela a titin nan, iyaye da malamai suka ƙulla magana: kowane gida da ranarsa ta tsallakar da yara, a kai su ɗakin da makaranta ta bayar, su yi karatu har iyaye su taso aiki. Gidan da ya yi ta fashi, a sallami yaransa. Babban ɗana ne ya kawo dokar, shi aka naɗa shugaba, har da ɗaukar hoto. Shi ne kuma ya ce kada a sa bakanike, wai garejinsa matattarar 'yan iska ce.

Na tsare bakanike a bakin kwalbati. Ya hau kame-kame, wai aiki ne ya riƙe shugaba, yau ne kawai. Jikata ta ce a'a, kullum shi ne.

"Nawa yake ba ka?"

"Haba, Iya. Don yarinyar ne. In aka sallame ta, wa zai riƙe ta, uwarta na wurin aiki?"

Ni da ko gishiri na ara sai na mayar da ƙari. Na san wanda ya zo duba ni da na karye, na san wanda ya aiko da baki kawai. Ashe ina tafe ina ɗaga kai, gidana na kan wuyan mutumin da muka zaga.

* * *

Da yamma na tari ɗana. Dariya ya yi, ya ce shugaba tsari yake yi, ba shanya kai a rana ba. In abin ya dame ni zai aika wa mutumin da ɗan ihsani.

"Ke dai tsohuwa, komai sai kin mayar da shi bashi."

Na rufe kwanon tuwona na tashi.

* * *

Laraba na zagayowa na je na karɓi rigar, ta sauko mini har gwiwa. Bakanike ya so hana ni, na ce ya koma ƙarƙashin motarsa. Matan unguwa suka riƙa kau da kai, kada in ga sun gan ni.

Na shiga tsakiyar titi da sandata, yara a baya. Wata farar mota ta sako kai tana ta danna hon, sai da ta zo dab da ni hon ɗin ya mutu. Gilashin baƙi ne, amma na san lotsawar da ke gefen fitilar nan, a ƙofar gidana take kwana.

Ban sauke hannu ba sai da ƙaramin cikinsu ya haye. Shi ma ɗan nawa bai sauke gilashin ba.