Larabar Fumiyo

"Ke kika ce in bi hannun agogo!" in ji Noboru Hatano, yana nuna matarsa da takalmi ƙafa ɗaya. "Da bakinki kika faɗa, muna cikin bas."

"Cewa na yi ka saɓa wa hannun agogo, Baban yara," in ji Fumiyo, tana gyara ɗan kunnenta a madubi. "Shekara talatin da takwas kana tuƙa jirgin ƙasa, ai dole kunne ya gaji."

"Kunnena ƙalau yake. Mutum shida na yi karo da su a filin rawa. Shida! Ni da ko kyanwa ban taɓa bugewa a kan layin dogo ba."

A ɗakin canza takalmi na zauren unguwa suke, ƙarfe uku na rana, an tafi hutun shan shayi. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Kinuyo kuwa, shugabar ƙungiyar rawa, ta daɗe a bakin ƙofar tana neman hankicin da ke cikin hannunta.

Gaskiyar magana dai, Fumiyo ta faɗa, kuma da gangan. Amma a yi mata uzuri. Tun da Noboru ya yi ritaya ya zama inuwarta. Ta tafi kasuwa, yana bayanta yana latsa tumatir. Ta shiga madafi, ta tarar ya jera mata kwalaben kayan miya daga dogo zuwa gajere. Abu ɗaya ya rage mata a duniya: rawar Laraba, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. Shekara tara tana zuwa. A nan ba wanda ke tambayarta ina safarsa. Sai ga shi makon jiya ya ajiye jarida ya ce, "Ni ma zan zo in ga wannan rawar taku."

Hana shi ba zai yiwu ba, don Noboru in aka hana shi abu sai ya ƙara naci. Sai ta yi shawara a ranta: ya zo sau ɗaya, ya sha kunyar da ba zai sake tambayar hanyar zauren ba.

Ta shirya shi tsaf. Da rana ta soya masa gyoza, wato 'yan ƙullin fulawa masu nama a ciki, ta zuba tafarnuwar da za ta ishi gida uku, alhali ko ɗan koyo ya san ba a zuwa rawa da warin baki. Ta ce takalmin da yake zuwa lambu da shi ma ya isa. Ta ce in mace ta yi kuskure ya tsaya nan take ya gyara mata da ƙarfi, suna jin daɗin haka. Na agogon ta ajiye sai cikin bas, don kada ya sami lokacin tambayar wani.

Lissafi ɗaya ta manta. Mata talatin da ɗaya ne a zauren, maza tara, biyu daga ciki ma gwiwa ta hana su tashi sai an sa kiɗa mai sanyi. Namiji mai ƙafa biyu lafiyayyu da gashi a ka ya shigo, wa zai bar shi ya koma?

Tun a bakin ƙofa Kinuyo ta shaƙi iska, ta danƙa masa alawar na'a-na'a uku. Tsoho Ogata mai sa kiɗa ya ara masa takalmin rawa mai laushin ƙasa. Da ya kutsa cikin mutane ta baibai yana ture su, wata bazawara mai suna Harue ta kama kafaɗarsa ta juya shi kamar keken cefane, ta ce cikin girmamawa, "Nan ake bi, Hatano-san. Masu sauri a gefe, mu 'yan lallaɓa a tsakiya." Shi kuma da yake ya saba a aikin jirgi, kafin kowace kwana sai ya miƙa yatsa gaba ya ce, "Hanya lafiya!" Mata suka yi ta dariya har da share hawaye. In kiɗa ya ƙare ya raka mace kujerarta ya rusuna, kamar ya sauke fasinja a tasha. Kafin hutun shayi har an fara yi masa layi.

"Sannan maganar gyara," in ji Noboru, ya matso. "Na ce wa Harue-san ƙafarta ta hagu ta makara, ta ce min a filin rawa ba a koyar da mutum, sai dai a yi murmushi a ci gaba. Kunya kamar in nutse. Shi ma kunnena ne?"

Fumiyo ta juyo daga madubi.

"A'a. Ni ce."

"Da tafarnuwar?"

"Da takalmin ma."

"Don me, Uwar yara?"

"Don awa uku nake so a mako ban ga fuskarka ba!" Maganar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta zata ba. "Ba ƙin ka nake ba. Amma in na buɗe ido kai, in na buɗe firji kai. Nan kaɗai ake kirana Fumiyo. Ka bar min Larabata, ka ɗauki sauran kwana shidan."

Noboru ya zauna a benci yana kallon takalmin aro.

"Ai da kin faɗa," ya ce a hankali. "Ni ma gidan ne ya ishe ni. Agogo ya buga biyar na asuba in tashi, in rasa inda za ni." Ya fara kwance igiya. "Shi ke nan. Bari in mayar wa Ogata kayansa."

Tausayinsa ya ɗan kama ta, amma daɗi ya fi yawa. Har ta miƙa hannu za ta ɗauko masa takalmin lambunsa, sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Kinuyo ce, Harue a bayanta riƙe da kofin shayi da faranti na gasasshen biskit ɗin shinkafa.

"Af, kuna nan ashe!" in ji Kinuyo, fuska kamar ba ta ji komai ba. "Hatano-san, kada ka cire takalmin nan. Mun zauna mun gama magana, ka zama ɗan ƙungiya. Kowace Laraba."

"Ai ni dama tafiya zan..."

"Tafiya ina? Mata goma sha ɗaya ke jira, na rubuta sunayensu." Ta juya ga Fumiyo tana murmushi. "Ƙawata, kin iya ɓoye abu! Shekara tara muna rawa mace da mace, ashe kina da wannan a gida. Sai dai yana buƙatar horo. Ki riƙa koya masa kullum da safe, ko awa ɗaya ce, tunda gidanku ɗaya."

Fumiyo ta dubi mijinta, tana jira ya buɗe baki. Noboru ya dubi Harue da kofin shayi. Ya dubi ƙasa. A zaure Ogata ya sa kiɗa, sai ga ƙafar Noboru ta dama tana ɗan bugun daɓe. A hankali, ba tare da ya ɗago kai ba, ya fara mayar da igiyar takalmin.

"Awa ɗaya kawai ta ce, Uwar yara," in ji shi.

Fumiyo ta fizgi jakarta daga ƙugiya, ta ratsa tsakanin Kinuyo da farantin biskit, ta fita, ta maka ƙofar da ƙarfi.