Ranar da Talatu Ta Zagaya Unguwa da Ɗanta

Ni Dije, shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakanina da Talatu a unguwar Television, kuma ban taɓa kayar da ita a gardama ba. Shi ya sa da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta bara, ta dawo daga asibiti shiru, raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta san ranar auren kowa a layinmu, wai ita ce ke kallon cokali tana neman sunansa!

Likita ya ce a riƙa fita da ita tana taka ƙasa, a riƙa jan ta da wasa da hira, ƙwaƙwalwa za ta farfaɗo. To ni ban iya ludo ba. Ƙarya na iya.

Kullum da safe sai in riƙe mata hannu, ita da sandarta, mu bi layi ina zuba ta. "Kin ga Wilson mai walda? Ai shi ya auri Chinwe." Shiru. Sati uku ina ɗaura aure tsakanin mutanen da ko gaisawa ba sa yi. Ran nan na ce Matthew direba ɗan Binuwai ne, sai ta tsaya cak.

"Ƙarya... kike. Ɗan Lafiya ne."

Wallahi a tsakiyar titi na rangaɗa guɗa, har wani mai keke ya kusa faɗawa kwata.

Wata biyar muna haka, bakinta na dawowa, sai ga ɗanta Daniel wata Asabar da ƙatuwar mota da ƙaton tumbi. Wai ya zo ya tafi da ita Abuja, ya gyara mata ɗaki a saman bene. Wai in an bar ta a nan, wata rana za ta fita ta ɓata. Na ga idonta ya ciko, ni kuwa kamar in shaƙe shi.

Ta ce, "To raka ni kasuwa. In na ɓata, sai in bi ka."

Kasuwar nan tafiyar minti goma ce. Talatu ta ɗauke shi ta bayan coci, ta gangara wajen masu niƙa, ta sake haurowa. Kowace ƙofa sai ta tsaya ta kira mai gidan da sunansa, ta tambayi yara ɗaya-ɗaya, sannan ta nuna ɗanta.

"Diana, kin gane Daniel? Wanda ya saci kazarki ya ɓoye a randa?"

Ni kuma daga baya na ce, "Agwagwa ce."

"Kaza ce, Dije, baƙa! Rufa min baki."

Babu abin kunyar da ya yi yana yaro da ba ta tono ba, har ranar da ya yi fitsari a wando wajen wasan Kirsimeti. Mata suna ta shewa, shi kuwa gumi kawai yake cikin takalminsa mai tsini. Bayan awa ɗaya da rabi ya zube a bencin Emeka makaniki yana haki.

"Mama, don Allah ya isa. Na gani."

Ita ma ta gaji, ƙafar hagun sai jan ta take yi. Ta dogara da sanda, ta dube shi.

"Da na dawo daga asibiti, ko sunanka ban sani ba, Daniel. A bakin ƙofofin nan na tsinto komai, ɗaya bayan ɗaya. In ka kai ni inda ban san kowa ba, me zan tuna?"

Sai Daniel ya ciro waya ya kira matarsa, ya ce Mama ba za ta zo ba. Ni dai na juya baya na share idona da bakin mayafi.

Talatu ta zungure shi da sanda.

"Tashi mana. Ai ba mu kai kasuwar ba."