Da Sauƙi

"Kamar an zuba tsakuwa a gwiwata ana niƙawa," in ji 'yar maƙwabciyata, lokacin da matar mai gidan ta leƙo ta ce yaya jiki.

Matar ta yi sororo, hannunta a kan labule. Ummanta ta yi maza ta ce, "Da sauƙi, da sauƙi, kada ki biye mata." Ni kuwa ina kan kujerar roba a gefen gado, dariya ta kusa ƙwace mini.

Ƙafar-yawo muke ce wa yarinyar a gidan hayar. Ƙofarsu na kallon tawa, igiyar shanyarmu ɗaya. Tana koyon rubuta ƙagaggun labarai a jami'a, kuma duk ƙarshen mako sai ta saɓa jaka ta bi 'yan ajinsu, yau gindin dutse, gobe bakin kogi, ta dawo da ƙaya a siket da labari fal baki. Da sikila aka haife ta. Malaminsu ya hana su amfani da kalmar da ta gaji da aiki, ita kuma ta ɗauki dokar ta kai ta har gadon jinya.

"Kaka, 'da sauƙi' ba amsa ba ce, murfi ce," ta ce bayan matar ta fita.

"Ke dai kin ji kunya," in ji Ummanta. "Ana faɗa ne don sauƙin ya zo."

Na koyar da nahawu har kaina ya yi fari, na yi jinyar miji da ƙanne biyu, kowannensu da wannan kalma a bakinsa ya cika. Ban taɓa ganin ta kira sauƙi ya amsa ba.

Rigimar makon kuwa ta tafki ce. 'Yan ajin za su je wani tafki a bayan gari inda tsuntsaye ke sauka, su yi kwanaki kaɗan su wuce. Ummanta ta ce ƙafarta ba za ta taka wajen ba, likita ya hana ta sanyi.

"In kin warke kya je."

"Umma, tsuntsu ba ya jiran mai jinya."

Ranar tafiyar na fito da bokiti na tarar da ita a bakin ƙofa, ta sa rigar sanyi biyu, ta ɗaure igiyar takalmi. Idanunta sun yi ɗorawa. Ummanta ta tsaya a kanta ta ce, "Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Umma."

Bokitin ya kusa suɓuce mini. Yarinyar ta dube ni, ba roƙo a idonta, jira kawai take. Ummanta ta juyo. "Malama, ya kika gani?"

An ce kwanciya rabin magani ce. Na ga masu kwanciya da yawa, ban ga wanda ta riƙe ba. Na ce, "Bari in ɗauko mayafina, ni zan raka ta."

A mota yaran suka dinga ihu wai an kawo sabuwar ɗaliba. Wani dogo mai tabarau ya ce, "Kaka, kin yi aikin gida kuwa?"

Na ce, "Na yi shi tun kafin a haifi babanka. Matsa ka ba ta gefen taga."

Daga inda motar ta tsaya zuwa bakin ruwa ba nisa, amma sai da muka huta sau da yawa. Ta dafa kafaɗata tana cewa duniya ta juya, tsohuwa ta zama sanda. Sauran suka bazu cikin ciyayi suna rubuce-rubuce. Mu muka zauna a kan wani kututture, ƙafafunmu cikin taɓo. Agwagin ruwa sun rufe rabin tafkin, in suka tashi sai ka ji kamar ana karkaɗe zannuwa.

"Kaka, faɗi abin da kika gani. Ban da 'kyau'."

Na nuna mata wani zalɓe da ya tsaya a kan ƙafa ɗaya yana hararar kowa. "Ga sufeto can ya zo duba makaranta, bai samu abin da ya gamshe shi ba."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. Biro na aljihunta, ba ta taɓa shi ba.

"Ba za ki rubuta ba?"

"Yau kallo na zo."

"Jikin fa?"

Ta dubi ruwan. "Bari, Kaka. Ban samo kalmar ba tukuna."

Cikin makon da ya biyo baya aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Bayan masu gaisuwa sun ragu, Ummanta ta shigo ɗakina da hantsi, ta zauna a bakin katifa, abin da ba ta saba ba.

"Malama, ran nan kin san ba sauƙin."

"Na sani."

"Ni ma na sani. Ni fa na haife ta." Ta murza gefen zaninta. "So nake kawai in ji ta faɗa mini, ko sau ɗaya. To me ta gani a can?"

Na ba ta labarin agwagin da na sufeto. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ku biyun nan, Allah ya shirye ku."

Washegari da safe na ji ƙarar tsintsiya na ɗaga labule. Takalman yarinyar suna nan a bakin ƙofa, taɓon tafkin ya bushe a jikinsu ya tsattsage. Ummanta ta sharo tsakar gida har ta iso wurin, ta kewaye su da tsintsiya, ta ci gaba.