Man Shanun Inno

Duk hutun makaranta na lokacin sanyi, mu 'ya'yan Inno sai mu kwaso yaranmu mu sauke mata a Gummi. Ita kuwa dokarta ɗaya ce: da hantsi, bayan an ci ɗumame a bakin murhu, kowane jika ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa. Ta goge kaushi da dutse, ta cusa man shanu a cikin faso. Mu ma haka ta yi mana, kuma wallahi ba a tsallake layi.

Bana sai 'yata Hidaya, wadda ta shiga jami'a har ta fara yi mana kallon ƙauyawa, ta ce ita da nata man na kwalba ta zo.

"Inno, wannan fa wari yake. Kuliyoyi za su bi ni."

Yara suka kwashe da dariya. Inno ma ta dara.

"To 'yar birni, tahi da ƙahwarki. Wa ka son ta?"

Amma na ga ta rufe ƙwaryar man tun ba a gama layi ba. Hidaya ce jikarta ta fari, a kanta aka fara layin jikoki. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi niyyar ja wa yarinyar kunne, Inno ta harare ni na haɗiye.

Washegari ƙananan suka jeru, Inno na shafa ba ko tsokana. Hidaya na gefe tana latsa waya, sai Usama ƙarami ya ture ƙwaryar. Ta sunkuya ɗauka, idonta ya faɗa kan diddigen Inno, duk ya tsage har da busasshen jini.

"Inno, ke wa ke shafa miki?"

"Bayan nan nawa ya daina lanƙwasuwa tun bara. Mi za a yi?"

Kunya ta kama ni, ni da na fito daga cikinta ban taɓa dubawa ba.

Hidaya ta ajiye waya, ta zauna dirshan a ƙasa, ta ɗora ƙafar tsohuwa a cinyarta, ta dumbuzo mai.

"Ke, kuliyoyi hwa!" in ji Inno.

"Su zo. Miƙo ɗayar."

Inno ta miƙa, tana ta faɗan wai hayaƙin murhu ya shiga mata ido.