Jajayen Lambobi a Shagon Zaure

Malam Gwadabe ya kafa idonsa na dama, wanda ya ɗan fi gani, a tsagar ƙyauren shagon da ke cikin zaurensa. Ƙaurin dalma ya daki hancinsa. A kan tebur ga batirin babur, ga wayoyi sun harɗe kamar taliya, ga wani dogon baƙin allo da jajayen lambobi ke ci a jikinsa. Arba'in da bakwai. Na gefensu kuwa sauka suke yi ɗaya bayan ɗaya. Malam bai yi boko ba, amma ya san lamba, ya kuma san agogon kirki gaba yake yi, ba baya ba.

Shekarar da bama-bamai suka tashi a Kano ce, kuma tsoron ya biyo kwalta har Rano. Kullum a rediyo ana jan kunnen masu gidajen haya su san wanda suka ajiye. Direbobin tasha kuma suna kawo labarin gidajen da aka baje saboda abin da aka samu a ɗakin ɗan haya. Malam Gwadabe gidan nan kaɗai ya mallaka. A nan aka yanke cibiyarsa, daga nan yake fita kiran salla a masallacin unguwa shekara talatin da ɗaya.

Ɗan hayar da ke shagon, Mukhtar, malamin kimiyya ne da aka turo makarantar sakandare bara. Mutum ne mai gaisuwa har ƙasa, to amma wa ya san cikin mutum? Duk Asabar sai ya tafi kasuwar Sabon Gari ya dawo da ƙulli a leda. Da can ƙofarsa a buɗe take, har yakan nuna wa mutane 'yan fitilunsa suna gudu suna rubuta sunansa, ana dariya. Wata guda ke nan, da ya ji takun Malam sai ya ja tabarma ya rufe tebur. Ranar Talata ma har tambaya ya yi, wai wane lokaci ne masallaci ya fi cika.

Malam ya shiga cikin gida. Jumai matarsa tana tsince shinkafa, ta saurare shi tsaf, sannan ta ce ya jira bawan Allah ya dawo daga makaranta ya tambaye shi, ai baki gare shi. Ya ce lambobin ba za su jira ba. Ta ce shi da kwanakin baya ya kira la'asar rana na tsaka saboda hadari ya ɓoye masa inuwa, yau shi ne mai ganin bam ta tsagar ƙofa? Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Da tafin ƙafa yake auna inuwar katangar masallaci kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, agogon hannu kuwa ya daina ganin tsinkensa. Ya san ana ƙus-ƙus a kansa a sahun baya.

Ya saɓa babbar riga ya nufi gidan Mai Unguwa Dalhatu. Mai Unguwa na jin bayanin, ko zama bai ce ya yi ba, ya daddanna waya ya kira jami'an tsaro.

Kafin Malam ya dawo layinsu, motar jami'an mai buɗaɗɗen baya ta riga shi. An kori mutane zuwa bakin rijiya, an fito da Jumai ko mayafi babu. Ana cikin haka sai ga Mukhtar a kan kekensa, da littattafan ɗalibai ɗaure a baya. Bai gama sauke ƙafa ba aka kifa shi a ƙasa. Malam ya ji ƙarar gindin bindiga a kan ƙashi, ya kau da kai.

Aka ɓalle ƙyauren. Babban jami'an, wani dogo mai tabo a haɓa, ya leƙa ya ja da baya da sauri. Saura minti biyu. Ya daka tsawa kowa ya kwanta. Mukhtar yana ta magana, bakinsa cike da jini da ƙasa, babu mai saurarensa. Malam Gwadabe ya kwanta rubda-ciki a ƙofar gidan ubansa yana kalmar shahada, yana jiran rufin ya tashi.

Shiru. Akuyar maƙwabta ta yi kuka. Can dogon ya ɗaga kai ya sake leƙawa. Lambobin sun ɓace, wasu jajayen haruffa ne ke tafiya daga dama zuwa hagu. Ya karanta a fili, a hankali, kamar mai koyon karatu:

“La'asar ta yi. Malam Gwadabe, bismilla.”

Wani a bakin rijiya ya yi dariya, ya haɗiye ta. Malam ya rarrafa zuwa inda Mukhtar yake, ya tambaye shi don me bai faɗa masa ba.

“Baba, ta yaya zan dube ka in ce idonka ya gaza?” Mukhtar ya tofar da jini. “So na yi in kafa shi a masallaci ranar Juma'a, a ce ado ne. Manyan lambobi na sa, don ka hango daga inda kake alwala.”

Kunya ta rufe Malam, har ya ji da ma rufin ne ya tashi da shi. Ya juya wurin dogon yana rantsuwa kuskure ne, tsufa ne, a yi haƙuri a sake shi. Dogon ya ce ba a hannunsa take ba. An riga an sanar da Kano ta waya cewa an kama mutum da batir da wayoyi, can za a kai shi ya yi bayani. Kowa a wurin ya san mutane nawa aka kai su yi bayani a shekarar nan, da kuma nawa suka dawo.

Aka naɗe allon a bargo, aka jefa Mukhtar a bayan motar. Mai Unguwa ya matso ya kama hannun Malam, ya ce da shi ƙasa-ƙasa ya gode wa Allah gidansa ya tsira, ya je ya kira salla, lokaci na wucewa.

Malam Gwadabe ya zare hannunsa. Ya tattare babbar rigarsa, ya kama ƙarfen motar, ya ɗora gwiwa da ƙyar.

“Tsoho, ina za ka?” in ji dogon.

“Ni na ce bam ne. Duk wanda za a kai shi gabansa, a kai ni in ce ƙarya na yi.”

“In ka shiga, ban san ranar fitarka ba.”

Malam ya zauna a kan tayar da ke bayan motar, ya ɗora kan Mukhtar a cinyarsa. Ya hango Jumai tsaye cikin mata, ya ce ta rufe zauren, ta kuma shigar da keken malamin daga rana.